Tsayau da Katin Ƙanensa

Duk wanda ya san layin masu gyaran injuna ya san Tsayau, ko da magana ba ta taɓa haɗa su ba. Dogon mutum ne marar jiki, mai tafiya a hankali kamar yana tsoron tada wani daga barci. Ba shi ne sunan da aka raɗa masa ba. Tsayuwa a layi ce ta jawo masa. Tun yana saurayi, in dai akwai inda za a je a tsaya, ofishin wuta ne, na ruwa ne, makarantar yara ce, shi ake turawa. Yakan tsaya tun safe har rana ta karkata, bai yi tsaki ba, bai tsallake kowa ba, ya dawo da takardar da aka aike shi a ninke cikin aljihun gaba.

Shagon nasu ne su biyu, shi da ƙanensa, wanda kowa ke kira Auta har furfura ta fito masa. Shekara uku ce tsakaninsu, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsu naɗin koyil. In injin fanka ko na famfon ruwa ko na niƙa ya ƙone, sai a kawo musu, a farke ƙonanniyar wayar tagullar da ke ciki, a naɗa sabuwa. Sai dai in za a faɗi gaskiya, Auta ne mai naɗin. Shi Allah ya ba yatsu da ido. Yana naɗawa yana ƙirge a ransa, ana hira da shi yana amsawa, lissafin bai taɓa ɓace masa ba. Tsayau kuwa ya gwada tun suna yara wurin ubangidansu, wayar ta yi ta harɗe masa, har ubangidan ya ce ya haƙura ya kama kwance ƙusa. To haka aka raba aikin, haka kuma ya zauna shekara arba'in. Auta na kan kujera, Tsayau na kan ƙafa. Shi ke kwance inji, ya wanke, ya sayo waya, ya kai wa masu kaya kayansu. Ranar da Tsayau ba ya nan, aiki yakan yi nawa. Ranar da Auta ba ya nan, sai dai a rufe ƙofa.

Akwai abin da ubangidansu ya koya musu, wanda ba su taɓa bari ba. In aka sayo kwalin waya, ba a bin kowane ƙulli ana gwadawa. Ɗaya ake ɗauka, a yanki ɗan guntu, a kankare shi, a kara a wuta a ga ko tagullar gaske ce ko fenti aka yi mata. In ɗaya ta yi kyau, kwalin ya yi kyau, tunda wuri guda aka yi su. Wannan bai taɓa ba su kunya ba.

Gida ɗaya suke zaune. Matar Tsayau ta rasu da daɗewa, ba su sami haihuwa ba, bai kuma sake aure ba. Ɗakinsa na bakin ƙofa, Auta da matarsa da 'ya'yansu mata uku suna ciki. Matar Auta ce ke zuba masa abinci, tana kiransa Yaya kamar yadda mijinta ke kira.

Mahaifiyarsu da kumburin ciki ta rasu, idanunta sun yi ɗorawa. A lokacin ba wanda ya ba abin suna. Sai da Tsayau ya haura hamsin da biyar, ƙafafunsa suka fara kumbura, takalmi ya daina shiga, sannan ya je babban asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, aka ce ƙwayar cutar hanta ce, mai yiwuwa tun daga haihuwa yake ɗauke da ita, ta daɗe tana ci a ɓoye har hantar ta yi tabo ta taurare. Aka ce ya kawo 'yan uwansa. Ya kawo Auta da kyar. Aka duba, shi ma haka. Aka ba su magani iri ɗaya, ƙwaya guda kullum da safe. Sukan ajiye kwalba ɗaya a kan teburin shago, kowa ya ɗauki tasa ya kora da shayi.

A wannan zuwan ne wata likita mace, 'yar ƙarama mai tabarau, ta ce suna wani bincike a kan masu irin ciwonsu, in sun yarda za a ƙara ɗibar jini kaɗan. Suka yarda. Bayan wata biyu ta ce su zo su biyun, kada ɗaya ya zo a madadin ɗaya.

Ofishin nata ƙarami ne, fanka na juyawa a sama tana ɗan ƙara. Auta ya ɗaga kai ya saurara, ya ce wa yayansa a hankali, "Wannan ba za ta kai wata uku ba."

Likita ta ce, "Baba, ku bar fankar, ku saurare ni. A jikin kowa akwai sojoji masu tsaro. Ba sa motsi sai an aika musu saƙo. Wani saƙon ya ce ga abokin gaba, ku taso. Wani ya ce faɗa ya ƙare, ku koma. Yadda jiki ke tura saƙon nan, kowa gadonsa ya yi daga uwa da uba. To a wasu mutanen akwai ɗan bambanci ƙanƙane, sai sojojin su ƙi lafawa, su yi ta faɗa a cikin hanta, tana kumbura tana warkewa, tana kumbura tana warkewa. Hantar da ta riga ta taurare, in aka daɗe ana haka, ciwon daji ya fi samun wurin zama. Bincike muke, ba mu gama sani ba. Ban ce lallai sai ya fito ba. Amma mai wannan bambancin ya kamata a fi sa masa ido."

Auta ya duba agogonsa, ya ce, "To wa ke da shi a cikinmu?"

"Kai."

"Shi fa?"

"Shi ba mu gani ba."

Auta ya yi dariya har da tafa cinya. "Haba likita! Ki sake dubawa dai. Nono ɗaya muka sha da mutumin nan. Ko wandon da na fara sawa nasa ne."

"Na sani, Baba. Amma ba duk abin da uwa ta ba wa ba ne take ba ƙane. Ko kunnuwanku ba iri ɗaya ba ne."

Ta rubuta a katin kowa. Tsayau ya riƙa zuwa hoton ciki duk wata shida, Auta kuwa duk wata uku, tare da gwajin jini. Ta cire tabarau ta dubi Auta sosai. "In aka gan shi yana ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa, ana iya ƙone shi ko a cire. In ya girma, hannunmu ya gajarta. Ka ji ni?"

Ya ce ya ji.

Suka fito. A hanya Tsayau yana ta juya zancen a ransa, ya kasa samun inda zai zauna. Ciki ɗaya, ciwo ɗaya, magani ɗaya, tukunya ɗaya. Ta yaya za a ce abin da ke cikin wannan ba ya cikin wancan? Ya ga yarinyar mai kirki ce, amma takarda take karantawa, ba ta san su ba.

Zuwa na farko Auta ya je da ƙafarsa. Sai an je ba a karya ba, ga na'urar guda ɗaya, ga mutane sun fi ɗari. Ya zauna kan benci tun hantsi bai ɗaga ba har la'asar, yunwa na cin sa. Da ya dawo ya tarar mai gidan burodi ya zo har sau uku, ya yi ta zazzaga wa Tsayau masifa, ya ɗauke injin kwaɓinsa ya kai wa wani a ƙarshen layi. Shekara goma sha biyar suna yi masa aiki. Auta ya kwana uku ba ya dariya.

Da wata uku ya zagayo, injin famfon ruwan unguwa ne a kan teburi, an farke shi. Mata sun kwana biyu suna leƙowa da bokitai a hannu suna tambaya ko an gama. Auta ya zaro katinsa daga aljihu, ya juya shi, ya ajiye a gaban yayansa.

"Yaya, ka je mini mana."

"Kai, Auta. Hoton ciki ne fa, ba takardar wuta ba."

"To cikina da naka meye bambancinsu? In akwai abu ai za a gani. Kati ake kira a wurin, ba fuska ba. Yau kaɗai. Ka ga matan nan za su cinye ni ɗanye."

Tsayau ya dubi katin. Babu hoto a jikinsa, suna ne da lamba. Ya dubi matan da ke bakin ƙofa. Bai ji kamar wani abu zai aikata ba. Aike ne, kamar kowane aike. Ya ninke katin ya sa a aljihun gaba.

Da aka kira sunan ƙanensa, ya miƙe. Mai hoton, wani mai ƙiba mai fara'a, ya ce ya kwanta ya ɗaga riga. Ya shafa masa wani mai mai sanyi a ciki, ya riƙa danna wani abu a ƙarƙashin haƙarƙarinsa yana kallon allo. "Ja numfashi, Baba. Riƙe. Saki." Daga nan ya je aka ɗebi jini. Likitan da ya tarar wani saurayi ne, ita mai tabarau an mai da ita sama wajen masu kwanciya. Saurayin ya duba takarda, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Babu sabon abu. Wata uku."

Da ya koma shago, famfo ya tashi, ana ta murna. Auta ya kashe masa ido ya ce, "Yaya, ya jikin nawa?"

"Da sauƙi. An ce ka ci gaba da shan magani."

Suka yi dariya su biyu. Da yamma Auta ya kai wa matarsa takardar. Ita ba ta san komai ba, tunda tare suke fita da safe, tare suke dawowa. Ta karɓa ta yi hamdala, ta sa a cikin gwangwanin da take ajiye takardun haihuwar yara.

Yau kaɗai ta zama kullum. Duk wata uku sai an sami injin da ba zai jira ba. Daga baya ma ba a neman dalili, in ranar ta zo Tsayau ba ya karyawa, ya ɗauki kati ya tafi. Nasa katin kuwa ya bar shi ƙarƙashin matashi, tunda ai ana duba shi. Mai hoto ya saba da shi, har yana tsokanarsa. "Baba, kai dai ba ka taɓa makara. Da kowa irinka ne da mun huta." Tsayau yakan ji daɗin wannan magana. A ransa yana ganin yana kula da lafiyar ƙanensa ne, yana kuma tsare musu abinci. Sau bakwai ya je, kusan shekara biyu.

Abin ya fara da ɗamara. Wata safiya Tsayau ya ga Auta ya ɗauki ƙusa yana huda sabon rami a bel ɗinsa. Sai barin abinci a kwano. Sai dafe gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, in ya zauna ya daɗe. Wata rana yana tsakiyar naɗi ya tsaya cak, ya dubi wayar da ke hannunsa, ya ce, "Nawa nake?" Ya warware duka ya sake daga farko. Tsayau bai taɓa ganin haka ba tun da suke.

Ran nan da tsakar rana matar Auta ta zo shago, abin da ba ta saba ba. Ta jira mijinta ya zagaya baya, ta matso.

"Yaya, kana kallon ƙanenka kuwa? Mutumin nan ƙarewa yake. Ko rabin kwano ba ya ci."

"Gajiya ce. Aiki ya yi masa yawa."

"Ni dai hankalina bai kwanta ba. A mai da shi asibiti."

"Ai wata guda kenan da dubawa. Ba ki ga takardar ba? Lafiya lau aka ce."

Ya faɗa, kuma har ga Allah ya yarda da abin da ya faɗa. Ta ce to, ta tafi. Amma bayan tafiyarta maganar ta ƙi fita daga ransa. Da Auta ya dawo ya ce masa, "Wannan karon da kanka za ka je."

"To, in ranar ta zo."

"Ko mu je gobe?"

"Da wane dalili? Su ce mana me ya kawo ku, ba ga takarda ba? Bari dai ranar ta zo, Yaya."

Saura wata biyu a lokacin. Tsayau ya saba jira, sai ya jira.

Ranar ba ta zo ba. Sati shida bayan nan, da hantsi, Auta ya yunƙura zai tashi daga kujera, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Tsayau ya tare shi, ya juyo da fuskarsa wajen hasken ƙofa, ya ga farin idonsa ya koma irin na mahaifiyarsu.

Aka kwantar da shi a sama. Likita mai tabarau ce a wurin. Ta sa aka gangara da shi ɗakin hoto a kan keke, wani ne daban ke aiki a ranar. Da sakamakon ya iso, ta tsaya a bakin gado, tsohuwar takarda a hannun hagu, sabuwa a dama, tana duba wannan tana duba waccan. Matar Auta na zaune a gefen gado. Tsayau na jingine da bango.

Likita ta ce, "Wata biyu da rabi da suka wuce, babu komai. Yau ga abu ya kai lemo, ga wasu ƙanana uku, har ya shiga babbar jijiya. Wannan ba zai yiwu ba." Ta juya wajen wata nas. "Kira mini wanda ya saba yi masa hoto."

Mai ƙibar nan ya hau bene yana haki. Tun kafin ya gama gaisuwa ta miƙa masa takardun. "Sau bakwai ka sa hannu a nan. Me kake kallo shekara biyu? Ka san abin da wannan zai jawo maka?"

Mutumin ya karɓa, gumi ya keto masa. Ya dubi takardun, ya dubi wanda ke kwance, ya ƙara matsowa ya dube shi. "Likita, wallahi ban san wannan bawan Allah ba." Ya waiga kamar mai neman ceto, idonsa ya faɗa kan bango. Fuskarsa ta saki. "Af, ga mai katin nan! Baba, ba kai ba ne?"

Auta ya buɗe baki zai yi magana, tari ya sarƙe shi. Tsayau ya janye bayansa daga bango, ya tsaya sosai.

"Ni ne."

Likita ta ce, "Kai ne wa?"

"Ni nake zuwar masa. Na farko kaɗai ya zo. Mutumin nan ba shi da laifi, abin da aka kawo masa ya duba."

 Likita ba ta yi faɗa ba. Ta zauna kan kujerar roba, ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Can ta ce, "Baba, me ya sa?"

"Na ɗauka in an duba ɗaya an duba biyu. Wuri ɗaya muka fito."

"Ai na faɗa muku."

"Kin faɗa, 'yata. Ni ne ban yarda ba."

Matar Auta ba ta yi kururuwa ba. Ta zamo daga gadon ta zauna a ƙasa, ta ɗaga kai ta dubi Tsayau. "Takardun da nake ajiyewa fa? Duk wata uku in karɓa in yi godiya ga Allah. Ashe lafiyarka nake wa godiya? Na zo har shago na same ka. Ka dubi idona ka ce an duba shi."

 Da likita ta fita Tsayau ya bi ta baranda, ya tsaya a gabanta, hannayensa a haɗe.

"Na ji ana yankar hantar wani a sa wa wani. A ɗauki tawa. Ni ba ni da kowa."

"Taka ma ta yi tabo, Baba, ba za ta yi masa amfani ba. Kuma abin ya wuce nan. Da bara ne." Ta fasa ƙarasawa. "Za mu ba shi abin da zai rage masa zafi. Ku kai shi gida cikin 'ya'yansa."

Sati bakwai Auta ya yi a gida. Ciki ya kumbura, hannaye suka zama ƙashi. Tsayau ke ɗaga shi, ya juya shi, ya kai shi bayan gida a rungume. Wata rana yana gyara masa matashi, Auta ya riƙe masa hannun riga.

"Ka daina wannan fuskar. Ni na aike ka."

"Ni ne babba. Da na ƙi."

"Yaushe ka taɓa ƙi? Ko ruwa na ce ka faɗa sai ka tambayi ta wane gefe." Ya yi 'yar dariya, ta yi masa zafi, ya daina. "Je ka ɗauko injin fankar nan na kan teburi, da waya. Yaran nan sai sun ci abinci."

Haka aka shimfiɗa buhu a gaban gado. Auta na kwance yana faɗa, Tsayau na zaune a ƙasa yana naɗawa da yatsun da suka kusa sittin. "Ja ta, kada ka saki. Kwantar da ita kusa da 'yar uwarta. A'a, ta hau. Warware." Kwana tara suna kan inji ɗaya, wanda Auta kan gama kafin azahar. Wani lokaci barci ya ɗauke shi a tsakiyar magana, Tsayau ya zauna da waya a hannu, bai motsa ba, har ya farka. A rana ta goma, da hantsi, Auta ya ce, "Riƙe nan tukuna." Tsayau ya riƙe. Ya daɗe yana riƙe kafin ya ɗago kai ya gane rai ya yi halinsa.

Injin bai taɓa tashi ba. Ya mai da wa mai shi, ya ba shi haƙuri. Shagon ya yi wata biyu a buɗe, masu kaya suka riƙa wucewa ƙarshen layi, sai ya rufe. Yanzu gadin rana yake a ƙofar wata makaranta, abin da ya samu ya kawo gida. Matar Auta ta kai 'ya'yanta uku asibiti da kanta, ta tsaya a kan kowace har aka ɗebi jininta, ba ta nemi rakiyarsa ba. Shi kuma likita ta sa aka sabunta masa katinsa, yana zuwa duk wata shida, har yanzu ba a ga komai ba.

Suna nan gida ɗaya. Tana gaishe shi in sun haɗu a tsakar gida, tana ajiye masa abinci a bakin ƙofa da zafinsa. Yaya ɗin ne dai ba ta ƙara kiransa ba.